Mailafiya Mai Fenti da Katunan da Suka Dawo

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na Malam Mailafiya, a kan hanyar da ta gangara tasha a Dutse. Ni ina buga wa mutane takardu da tafireta, ta neman aiki, ta koke, ta cinikin fili. Shi kuma yana rubuta alluna da fenti. Shekara goma muna jin tarin juna ta bangon nan, saboda haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma daga bakinsa na ji.

Mutumin Ringim ne. Kakanninsa makiyaya ne, amma mahaifinsa ya zauna ya rungumi noman albasa a fadama. Mailafiya ba sunan yankansa ba ne. Tun yana ƙarami aka laƙaba masa, don ba a taɓa jin muryarsa a wurin faɗa ba, har laƙabin ya haɗiye sunan gaskiya. A makarantar allo ya yi suna wajen zayyana: duk wanda zai yi sauka, wurinsa ake kai allo ya ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Daga baya ya koyi boko da rubutun fenti a wurin wani mai rubuta bayan motoci a Kano. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, kowace ma'aikata tana neman allon da za ta kafa a ƙofarta, sai ya tattaro gwangwanayensa ya taho Dutse. Dogo ne, siriri, kullum akwai ɗigon fenti a gemunsa.

Yana da ƙane guda, Suhaib, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya shiga soja. Shekara ɗaya da zuwan Mailafiya Dutse aka kwashi su Suhaib zuwa Laberiya aikin kwantar da tarzoma. Wasiƙa biyu ta zo, daga nan shiru. Rediyo kan ce sojojinmu suna cikin ƙoshin lafiya, aiki yana tafiya daidai. Mailafiya yakan saurara har a gama, ya kashe, ya koma kan buroshinsa.

Sai a damina ta 1994 wani direban motar Kaduna ya tsaya a ƙofar shagonsa ya miƙa masa guntuwar takarda. Wata nas ce ta rubuto, mai suna Rakiya. Ta ce akwai wani majinyaci a asibitin da ake kwantar da sojoji, ya shafe wata bakwai a wurinsu, ya ce yana da wa mai fenti a Dutse. Washegari Mailafiya ya bi motar.

Kwana uku ya yi ya dawo. Na shiga yi masa sannu da zuwa, na same shi zaune a kan benci, bai ko buɗe gwangwani ba.

"Yaya ka samu Suhaib ɗin?" na tambaye shi.

"Yana da rai, Malam Tijjani. An yanke ƙafar hagu daga gwiwa. Ba shi ne ya tsaya mini a rai ba. Ɗakin ne. Gado talatin da wani abu, kowa da lamba a bisa kansa, babu suna. Lokacin ziyara ya yi aka buɗe ƙofa, ni kaɗai na shiga. Da suka ga ba nasu ba ne, sai kowa ya juya fuskarsa bango."

Ya ce akwai wani na kusa da gadon Suhaib, an naɗe masa rabin fuska, ya ji ana cewa Mailafiya mai rubutu ne, sai ya roƙe shi ya rubuta masa sunansa a takarda ya liƙa a bisa gadon. Mailafiya ya samo bayan kwalin magani ya rubuta, ya zagaye sunan da zayyana irin ta allo, da biro ja da shuɗi da ya ara wurin Sista Rakiya. Kafin ya fito mutum tara sun roƙi irinsa.

Daga nan abin ya samo asali. Sista Rakiya takan aiko da sunayen waɗanda ke kwance da garuruwansu ta hannun direban nan, Mailafiya kuma ya yanka farin kwali kamar faɗin tafin hannu biyu, ya yi wa kowa katinsa. Ni nake buga sunaye a bayan ambulan. Ba ya rubuta dogon wa'azi. Bayan sallama da addu'ar samun sauƙi, sai ya sa labarin gida. In mutumin Haɗeja ne, ya rubuta masa cewa ruwa ya cika kogi bana, kifi ya yi araha. In na Ringim ne, ya ce an fara cirar albasa. Waɗanda ba 'yan yankinmu ba, da waɗanda ba Musulmi ba, su ma yana yi musu, da ɗan Turancin da nake taya shi haɗawa. Sista Rakiya ta taɓa rubuto cewa akwai wanda ya yi sati biyu bai ci abin kirki ba, ranar da aka karanta masa cewa gero ya fitar da kai a garinsu ya nemi a ba shi kunu.

Neman labarin da zai rubuta ne ya fara kai shi ƙauyuka. Ran kasuwa sai ya rufe shago ya hau kekensa, ya je ya tambayi gidan su wane. A nan ya gano abin da bai zata ba: yawancin gidajen ba su ma san ɗansu ya dawo ƙasar ba, balle su san yana kwance a Kaduna. Ba wanda ya sanar da su. A farko murna aka riƙa yi da shi. Ana shimfiɗa masa tabarma, a damo fura, uwa ta faɗi saƙonta ya rubuta a katin da bakinta.

Wata rana a cikin ambulan ɗin Sista Rakiya, tare da sababbin sunaye, sai ga kati biyu nasa sun dawo. Ba a ko buɗe su ba. Ta rubuta a gefe da fensir, "Allah ya yi musu rasuwa kafin ya iso." Mailafiya ya ɗauki kekensa ya je ya faɗa wa gidajen biyu, domin a ganinsa wanda ya kai labarin rai bai kamata ya ɓoye na mutuwa ba. Bayan wata biyu, wasu katuna uku suka sake dawowa. Ya sami wani tsohon akwatin ƙarfe yana ajiye su a ciki, a ƙarƙashin tebur.

Sannu a hankali tarbar da ake yi masa ta canza. In aka hango dogon mutum a kan keke da fenti a gemu, mata sukan shige gida su ja ƙyaure. Wani dattijo a wani ƙauye ya tare shi tun daga bakin rijiya ya ce, "Malam, in da alheri ka zo, bismilla. In da ɗayan ne, juya, mun fi son mu zauna ba mu sani ba." Har a Dutse na ji mai shayi yana cewa duk sunan da ya shiga shagon nan sai an yi masa salla. Na gaya wa Mailafiya. Ya ce, "Ba su yi ƙarya da yawa ba," ya ci gaba da yankan kwali.

A cikin waɗanda ba su guje shi ba akwai Inna Iyatu, wata tsohuwa daga wani ƙauye a bayan Buji. Ɗanta Sale yana cikin sunayen da aka aiko a ƙarshen 1995, harsashi ya same shi a ciki. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, ya bar mata matarsa Zuwaira a gida. Duk bayan sati biyu Inna Iyatu takan biyo motar kasuwa ta zo shagon, ta zauna a bakin ƙofa, ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin kuka ko daddawa ta ce a haɗa da katin. Ba ta yarda a rubuta abin da ba ta faɗa ba.

"Rubuta masa, ɗan nan, ka ce jar saniyar ta haihu. Ka ce rufin ɗakinsa na yoyo, ban bari kowa ya taɓa ba sai ya zo."

Sau huɗu Sale yana aiko da amsa ta bakin Sista Rakiya. Kati na biyar ya dawo. Amma wannan karon abin da ta rubuta daban ne. Ta ce ta zo aiki da safe ta tarar da gadonsa a gyare, da na wasu mutum uku. Ta tambaya aka ce an mayar da su wani wuri, ta tambayi ina, aka ce ba aikinta ba ne. Ta duba littafin mamata ba ta ga sunansa ba. Ta ƙare da cewa, "Jikinsa ya yi tsanani ƙwarai a daren jiya. Ban san abin da zan ce maka ba."

Mailafiya ya kawo mini takardar na karanta sau biyu.

"Me zan gaya wa tsohuwar nan?" ya ce.

Na ce ya jira tukuna, wataƙila labari ya biyo baya. Shawarata ce, kuma har yau ina jin nauyinta. Inna Iyatu ta zo, ya karɓi saƙonta ya rubuta, ya ce amsa ba ta iso ba. Ta sake zuwa, ya sake rubutawa. Katunan ba ya aika su ko'ina, akwati yake sa su. Wata biyar ana haka. Na lura ya daina cin abincin rana a ranakun da take zuwa.

A lokacin an fara kwasar sojoji zuwa Saliyo, sunayen da ke zuwa daga Kaduna kuma sun ninka. Zamanin mulkin soja ne, mutum yakan duba bayansa kafin ya yi magana a wurin mai shayi. Wata Laraba da hantsi wata farar fijo marar lamba ta tsaya a ƙarƙashin dalbejiyar da ke tsallaken hanya. Ba wanda ya fito. Ta yi kamar awa ɗaya ta tafi. Ran Asabar ta dawo. A zuwa na uku mutum biyu suka fito, cikin kaftani masu tsabta, suka yi sallama a shagon Mailafiya kamar masu son a rubuta musu allo. Ina jin komai ta bango, na dakatar da bugun da nake yi.

"Malam, aikinka yana da kyau," in ji ɗayan, muryarsa a sanyaye. "Mutum nawa ka yi wa katin nan zuwa yanzu?"

"Ban ƙirga ba, ranka ya daɗe."

"Mu mun ƙirga. Wa ke ba ka sunayen?"

Mutumin ya ci gaba da cewa:

"Ka san gwamnati ba ta ce akwai masu rauni da yawa haka ba. Kai kuma kana yawo ƙauye-ƙauye kana tayar wa mutane da hankali. Wa ya sa ka? Wa kake aika wa lissafin?"

"Gaisuwa ce kawai nake yi wa marasa lafiya."

"To, Allah ya ba da lada. Wancan akwatin fa?"

Suka ɗauki akwatin suka sa a mota. Da za su tafi, ɗayan ya leƙo shagona ya dubi tafiretar, ya ce, "Ita ce mai cin wasalin 'a' ɗin nan ko?" Gaskiya ne, harafin ya ɗan karye, ba ya fita sosai. Bai jira amsa ba. Tun daga ranar ban sake buga ambulan ko ɗaya ba, kuma Mailafiya bai taɓa roƙona ba.

Direban Kaduna ya zo a satin da ya biyo ba tare da saƙo ba. Ya ce ya je inda ya saba samun Sista Rakiya aka ce an yi mata canjin wurin aiki, ba wanda ya san ina. Shi ma ya roƙi Mailafiya ya daina tsayar da shi a hanya, yana da iyali.

Da Inna Iyatu ta zo, Mailafiya ya shigo da ita ciki ya ba ta benci, shi ya durƙusa a ƙasa. Ya gaya mata komai, har da wata biyar ɗin da ya yi yana ɓoye mata. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"An ce ya mutu?" ta tambaya.

"Ba a ce ba, Inna."

"An ce yana da rai?"

"Shi ma ba a ce ba."

"To me ka gaya mini ke nan?" Ta ɗaure ƙullin daddawarta ta mayar bakin zane. "Maganganun da na ba ka, ina suke?"

"Suna cikin akwatin da aka tafi da shi."

Ta tashi ta fita, ba ta yi masa sallama ba.

Na ɗauka zai bari daga nan. Bai bari ba. Suhaib, wanda a lokacin an sallame shi yana Ringim da sandunansa, ya tuno masa sunayen mutum goma sha ɗaya da ya baro a kwance. Mailafiya ya yi musu kati, ya rubuta ambulan da hannunsa, ya kai gidan waya da rana tsaka. Na ce masa, "Malam Mailafiya, mutanen nan ba wasa suke ba." Ya ce, "Na sani. Amma Salla ta matso, kuma ba mai shiga ɗakin nan."

Kwana shida bayan haka fijo ta dawo, wannan karon da shi ta tafi. Ya bar gwangwanin kore a buɗe, ni na rufe shi na ja masa ƙofa. Muka yi ta bin ofisoshi ni da Suhaib, ko'ina a ce ba a san zancen ba. Mutanen layinmu suka daina ambaton sunansa. Wani da ya ba shi aikin allon kanti ya zo ya ɗauke allonsa ba a gama ba.

Ran kwana na goma sha tara aka gan shi zaune a bakin tasha da safe, ba takalmi. Ba wani rauni a fuskarsa. Amma yatsu uku na hannun damansa sun kumbura sun karkace, kuma ko bayan sun warke hannun rawa yake yi. Bai taɓa gaya mini abin da ya faru a can ba. Sau ɗaya kawai, muna alwala, ya ce, "Sun karanta mini katunan Inna Iyatu ɗaya bayan ɗaya, suna tambayata me ake nufi da jar saniya."

Mulkin soja ya wuce. Da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa a shekarar 2000, aikin alluna ya buɗe, ko'ina ana son a rubuta zikiri da ayoyi a kafa a bakin hanya, kuma a garin nan ba wanda ya kai shi iya rubutun Larabci. Aka kawo masa aikin. Ya gwada allo ɗaya, alif ɗin ya fito kamar macijin da aka taka. Ya goge, ya mayar musu da allonsu. Daga nan ya koma sayar da fenti da buroshi ga waɗanda suka koya a wurinsa.

A shekarar da ta biyo aka aiko masa da sammaci daga kotu, ba a matsayin mai laifi ba, a matsayin shaida. Zuwaira matar Sale ce ta kai ƙara. Shekara biyar ke nan ba labarin mijinta, ba ta kuma da takabar da za ta yi ta fita. Ta rubuta wa hukumomi ta hannuna har sau uku ba amsa. Tana son alƙali ya yanke mata matsayinta. Na raka Mailafiya kotun. Inna Iyatu tana zaune a ɓangaren mata, ta ƙara tsufa, idonta a kansa.

Alƙali ya tambaye shi abin da ya sani game da Sale.

"Allah ya gafarta Malam, na san yana kwance a Kaduna da rauni a ciki. Na aika masa kati huɗu ya amsa. Na biyar ya dawo. Wadda ke jinyarsa ta rubuto cewa ta tarar da gadonsa ba kowa, kuma jikinsa ya yi tsanani kafin nan."

"Ina takardar?"

"An karɓe ta."

"Ita mai jinyar fa?"

"Ban san inda take ba."

"A zuciyarka, yana raye ko ya rasu?"

Mailafiya ya dubi Zuwaira, wadda ta rufe fuskarta da mayafi, bai dubi gefen da Inna Iyatu take ba.

"Allah ne masani. Amma irin raunin da aka kwatanta mini, ban ga wanda ya tashi daga shi ba."

Bayan zama uku alƙali ya yanke hukunci cewa a ɗauki Sale a matsayin mamaci, Zuwaira ta yi takaba, in ta gama tana da ikon yin aure. A harabar kotu Mailafiya ya je ya durƙusa gaban Inna Iyatu zai gaishe ta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sojoji ba su ce ya mutu ba," ta ce. "Gwamnati ba ta ce ba. Kai ka faɗa. Da ba ka zo gidana da kekenka ba, da har yanzu ɗana yana Laberiya."

Ya ce, "Ki yafe mini, Inna." Ta kama hannun wata maƙwabciyarta suka wuce.

Bai ƙara shekara a Dutse ba. Ya sallami shagon ya koma Ringim, suka zauna gida ɗaya da Suhaib, yana taya shi tsaron ɗan teburin da yake gyaran rediyo. Nakan je in gaishe shi lokaci-lokaci. Ba ya son zancen katunan, amma ya taɓa tambayata ko ina ganin da ya yi shiru a kotu da ya fi. Na ce da Zuwaira tana nan zaune har yau. Ya ce haka ne, amma fuskarsa ba ta nuna ya samu sauƙi ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a damina ta 2004, kwana huɗu ya yi ya cika.

Zuwaira ta yi aure a Buji, ta haifi 'ya'ya uku. Inna Iyatu ta rayu shekara shida bayan Mailafiya. Dangi sun yi ta fama da ita a raba gadon Sale, ta ce ba a rabon gadon mai rai. Shanunsa biyu da ya bari suka hayayyafa a hannunta har suka kai tara, ba ta yarda an sayar da ko ɗaya ba, ko a shekarar da hatsinta ya ƙare tun kafin kaka. Sai bayan an binne ta aka kira malamai suka raba.